Sa'adu Zungur da waƙar da ta tunkari masu mulki

Fiye da shekaru 70 bayan rubuta ta, waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur na nan cikin waƙoƙin da ake nazari a sassan koyar da Hausa na jami'o'in Najeriya.

An haifi Malam Sa'adu a Bauchi, ya yi karatun addini mai zurfi, sannan ya halarci Kwalejin Katsina da ta Yaba da ke Legas. Ya rasu a 1958, shekaru biyu kafin Najeriya ta sami 'yancin kai.

Zamanin da aka rubuta ta

Waƙar ta fito ne a wajajen 1950, lokacin da ake muhawara kan tsarin mulkin da ƙasar za ta bi bayan tafiyar Turawa.

A wancan zamani, hukumar En'e ce ke riƙe da kotuna da 'yan doka da gidajen yari. A gundumomi irin su Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a lokacin ke ƙarƙashin Masarautar Kano, talaka ya fi sanin gwamnati ta hanyar haraji da jangali, kuma ɗaga murya a gaban hakimi abu ne mai haɗari.

A waje kuma, sarakunan Indiya sun fara rasa ikonsu tun bayan 'yancin ƙasar a 1947. Don haka tambayar da sunan waƙar ya ƙunsa ba ta wasa ba ce: shin sarauta za ta gyaru ta ɗore, ko kuwa guguwar zamani za ta yi gaba da ita?

Jigon waƙar

Babban jigon shi ne tsayawa kan gaskiya ko da za a sha wuya. Malam Sa'adu bai nemi a rushe sarauta ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna cewa adalci da ilimi ne kaɗai za su tsare musu gadon mulki.

Hujjarsa mafi ƙarfi daga cikin gida ya ɗauko ta. Ya kafa misali da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da gadon ilimin da ya bari, wato ya auna masu mulki da ma'aunin kakanninsu na jihadi. Wannan ya sa zai yi wuya a ce ra'ayin baƙi yake yaɗawa.

Bai kuma ƙyale talakawa ba. Ya soki barace-baracen yara da zaman banza da jahilci, yana nuna cewa al'ummar da ta yi sakaci da kanta ita ke buɗe wa danniya ƙofa.

Salo da dabaru

Waƙar 'yar ƙwar biyu ce, kowane baiti na da ɗango biyu, kuma baitocin na ƙarewa da amsa-amon "ya". Wannan ya sauƙaƙa haddace ta, abin da ke da muhimmanci a lokacin da masu iya karatun boko ba su da yawa, kuma ta baki waƙa ta fi yawo.

Dabara ta biyu ita ce maimaitawa. Akwai inda mawaƙin ya jera baitoci da ke farawa da kalmar sharaɗi guda, yana lissafa cututtukan al'umma ɗaya bayan ɗaya, yana jinkirta sakamakon har sai mai sauraro ya ƙagu. Da sakamakon ya zo, sai ya zo cikin siffantawa: an mayar da mulki doki, an kuma nuna cewa wasu ne za su hau shi idan Arewa ba ta farka ba.

Ga al'ummar da ta ɗauki doki a matsayin alamar sarauta, wannan hoto ya fi doguwar hujja ratsa zuciya.

Dabara ta uku ita ce aron rigar wa'azi. Kalmomin Larabci da muryar malami mai gargaɗi sun sa waƙar siyasa ta yi kama da waƙoƙin da jama'a suka saba ji tun ƙarni na 19.

Martani da tasiri

Waƙar ba ta tafi ba amsa ba. Alhaji Mudi Sipikin na Kano ya mayar da martani da tasa waƙar, "Arewa Jumhuriya Kawai", yana ganin lokacin lallashi ya wuce.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ta mayar da waƙa makamin gwagwarmaya, a daidai lokacin da ake ɗaure magoya bayanta. Wannan aƙida ce PRP ta Malam Aminu Kano ta gada, kuma a cikinta ne Alhaji Sule Lamido, ɗan Bamaina ta Birnin Kudu, ya fara siyasa kafin ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015.

Najeriya ta zama jamhuriya a 1963, kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e. Sai dai batun yara masu bara a titi, wanda Malam Sa'adu ya yi kuka da shi, har yanzu yana jiran amsa.