Ruwan Agusta a Kan Duwatsun Ruma

Yau shirin namu ya yi yamma da birnin Katsina, ƙasar Batsari da Safana.

Duk inda ake hirar ruwan da ke zubowa daga kan dutse, Gurara ta Jihar Neja ake fara ambata, can a hanyar Suleja zuwa Minna, sai Matsirga ta kusa da Kafanchan. Kowacce ruwanta daga tsayin kusan mita 30 yake faɗowa, kuma da rani raguwa yake yi, ba ya ƙafewa. Shi ya sa ranar hutu ba a raba su da motocin 'yan makaranta da masu ɗaukar hoto.

Namu na damina ne. Duwatsun Ruma, da na Gimi wajen Runka, ba sa shan ruwa. Idan aka sheƙa shi a watan Agusta, sai ya bi tsagogin dutse ya gangaro fari fat, da rugugin da ake ji tun daga gona, ya cika ƙoramu, su kuma su miƙa shi gulbi. Kafin a farga ya ɗauke. Wanda bai zo kan kari ba, sai dai a ba shi labari.

Ga kuma abin da Gurara ba za ta nuna wa baƙo ba. Ruma garin Ɗanwaire ne, barden da ya yi suna a ƙarni na 19, zamanin da ake kai-komon yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma har gobe hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa.

To, me ya hana baƙi zuwa? Kun fi ni sani. Shekara da shekaru 'yan bindigar dajin Rugu sun hana noma, sun tashi ƙauyuka. Wa zai zo yawon buɗe ido inda mai gida kansa bai samu barci ba? An yi sulhu a 2019 ya wargaje, an sake a 2025.

Idan Allah Ya zaunar da sulhun, roƙonmu ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina shi ne ta je wajen dattawan Ruma da Gimi ta naɗi abin da suka sani, ta horar da samarin garin su zama 'yan rakiya. Ƙananan hukumomin biyu kuwa, su gyara hanya kafin damina ta kankama.

Mu kwana nan. A huta lafiya.