Ko Kun Sani? Yadda Karaim Suke Ƙirga

A garin Trakai na ƙasar Lituweniya akwai wata ƙaramar al'umma da ake kira Karaim. Bisa tarihinsu, sarki Vytautas ne ya kwaso kakanninsu daga yankin Kirimiya wajen shekarar 1397. Addininsu ya dogara ne da Attaura, kuma sun daɗe suna rubutu da haruffan Ibraniyanci, amma harshensu ɗan gidan harsunan Turkawa ne.

A ƙirga ne wannan dangantaka ta fi fitowa fili. Daga ɗaya zuwa goma suna cewa: bir, eki, uc, dyort, besh, alti, yedi, segiz, toguz, on. Baturken Istanbul zai gane kusan duka ba tare da tafinta ba. Sha ɗaya kuwa "on bir" ne, goma da ɗaya kai tsaye. Tamanin da casa'in, seksen da toksan, tsofaffin "takwas goma" da "tara goma" ne da baki ya tauna har suka narke. Mu Hausawa mun ari ashirin da talatin daga Larabci, su kuwa, duk da ɗaruruwan shekaru a tsakiyar masu jin Folanci da Rashanci, sun riƙe lambobinsu na gado.

Karin harshe ma yana taɓa lamba. Karaim na Halych a Yukiren a da suna cewa "bes" maimakon "besh", "its" maimakon "uc".

Yau masu jin harshen sosai 'yan ƙalilan ne, galibinsu tsofaffi a Lituweniya, inda ake shirya wa yara makarantar koyonsa a lokacin hutun bazara.