Rataye Keke a Jikin Bango: Abin da Roba da Gini Suke Bukata

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kwangwalam ranar Lahadi, ranar da kasuwar Mai'adua take ci, zai shaida cewa keke bai yi ritaya ba. Da shi ake ɗauko hatsi da kaji daga ƙauye, da shi ɗalibi yake zuwa makaranta, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 magidanta da dama sun kakkaɓe nasu. Sai dai idan dare ya yi, wannan dokin ƙarfe yakan kwana a tsakar gida kusa da turken awaki, ko a jingine a zaure inda yake tare hanya. Ƙugiya ɗaya a jikin bango, wadda za a rataye keken a tsaye ta ƙafar gaba, tana rage wurin da yake ci. Amma babban amfaninta yana wajen taya.

Roba asalinta ƙaro ne. Bishiyar da ke samar da ita 'yar ƙasar Brazil ce. A 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi irinta zuwa Ingila, daga can ta bazu zuwa Asiya da Afirka, har da jihohin Edo da Delta. Idan aka tsaga ɓawonta sai farin ruwa mai kama da nono ya tsatso, cikinsa kuwa akwai ƙwayoyi dogaye kamar zare, a cukurkuɗe. Ɗanyar roba tana danƙo a zafi, tana ƙagewa a sanyi, har sai da Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa dafa ta da farar wuta yana ɗaure zarurrukan da juna. Tayar keke da ake hura wa iska kuwa John Dunlop ne ya fito da ita a 1888, don keken ɗansa. A yau ana gauraya robar bishiya da wadda aka sarrafa daga ɗanyen mai, amma rauninsu kusan ɗaya ne.

Abokan gabar roba uku ne: hasken rana, zafi, da wata iska mai suna ozon, wadda ke cikin sararin da muke shaƙa kaɗan-kaɗan. Hasken rana yana tsinka zarurrukan. Zafi yana gaggauta aikin, a ƙasar Daura kuwa yakan kai digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, rairayin tsakar gida ma ya fi haka nesa. Ozon ta fi su wayo, domin ta fi cin roba a wurin da take a miƙe ko a lanƙwashe. A nan ne batun ajiya ya shigo. Kowane tub yana sacewa a hankali ko da ƙaya ba ta taɓa shi ba, saboda iska tana silalewa ta jikin robar kanta. Keken da aka bari a ƙasa makonni sai tayarsa ta kwanta, nauyinsa ya danne gefenta wuri guda, ya ninke shi. A daidai wannan ninkin tsaga take farawa. Shi ya sa mai faci yakan ga taya da haƙoranta lafiya lau amma gefenta ya dare. Keken da ke rataye ko ya sace babu abin da ya danne tayarsa.

Ƙasa ma tana da nata sharrin. Danshin damina da fitsarin dabbobi suna hanzarta tsatsa a rim da sarƙa, tsidau kuma yana nan birjik yana jira.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko ratayewa tana lanƙwasa rim. Ba ta yi. Ƙafar keke tana da wayoyi 32 zuwa 40, kowacce a ɗaure tam, an kuma ƙera ta ne don ɗaukar ƙato da buhun gero a kan hanya mai gargada. Keke irin Raleigh ko Phoenix bai wuce kilo 20 da 'yan kai ba. Abin kula kawai shi ne a naɗe ƙugiyar da tsohon tub don kada ta karce rim, kuma kada ta faɗa kan waya ko bakin da ake sa famfo.

Wanda ke cikin haɗari shi ne bangon. Keken da aka rataye a tsaye, tayoyinsa biyu suna taɓa gini, tsakiyar nauyinsa tana nesa da bangon da kimanin rabin mita. Saboda haka ba ƙasa kaɗai yake jan ƙugiya ba, yana kuma fizgo ta waje, yayin da tayar baya take tura bangon. Ɗalibin da ya karanta darasin awon nauyi zai iya lissafawa: kilo 20 sau rabin mita, a raba da tazarar ƙafafun biyu, watau mita ɗaya da kaɗan, zai ba da ƙarfin fizga na kusan kilo 9, ban da nauyin da ke ja ƙasa. Bulon siminti mai kyau zai jure wannan idan an huda shi an ɗaura noti. Ginin ƙasa dabam ne. Laka tana da ƙarfi idan an danne ta, amma ba ta da riƙo idan an ja ta. Kullum aka ɗora keken aka sauke, ramin ƙusar yana ƙara faɗi, damina ta zo ta tausasa shi, wata rana kuwa ƙarfen kilo 20 ya rikito daga tsayin mita biyu, a zauren da yara ke wasa.

Maganin wannan yana hannun magina tun tuni. A kafa azara a tsaye a jikin bangon, gindinta a binne a ƙasa, samanta a ɗaure da rufi, sannan a sa ƙugiyar a jikinta. Ko kuwa a ɗauro igiya mai ƙwari daga azarar rufin kai tsaye. Azarar giginya ta fi katakon kasuwa a wannan aiki, domin ɓangarenta na waje yana da tauri ƙwarai, gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Katako mai laushi da aka manna a ginin ƙasa kuwa kiran gara ne, tana cinye cikinsa ta bar fatar waje kamar babu abin da ya faru.

Wurin ratayewa ya zama inuwa, nesa da murhu da jarkar fetur ko kananzir, waɗanda ke kumbura roba, nesa kuma da injin da ke tartsatsin wuta, domin tartsatsi yana haifar da ozon. Idan keken ya daɗe a sama, a leƙa ƙarƙashin sirdi kafin a sa hannu: zanzaro yana son yin ɗakinsa a nan, wani lokaci ma rina.