Zafin Maraɗi da gudun sauti: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Rana ɗaya ce ke dukan iska da ƙarfe a Maraɗi, amma ba abu ɗaya take yi wa sautin da ke ratsa su ba. A cikin iska, zafi ƙara masa gudu yake yi. Da asubar hunturu, in sanyi ya kai digiri 15, sauti na cin mita 340 a sakan guda. Da tsakar ranar Afrilu, in zafi ya kai 42, sai ya haura mita 355. A cikin ƙarfe kuwa zafin nan ja masa baya yake yi.

Dalilin yana ga tauri. Sauti girgiza ce da kowace ƙwayar zarra ke miƙa wa maƙwabciyarta, kuma gwargwadon yadda suka riƙe juna tamau, gwargwadon saurin miƙawar. Zafi na sassauta wannan riƙon. A baƙin ƙarfe sauti na gudun kusan mita 5,900 a sakan, yana kuma rasa kamar kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 55.

Maƙeran garin nan sun san wani ɓangare na wannan da kunne. Ƙarfen da aka ciro jajur daga wuta, in masaba ta sauka a kansa, ƙararsa a dakushe take fita, don ya yi laushi yana haɗiye girgizar. Yana hucewa amo na dawowa, har maƙeri ya gane lokacin mayar da shi wuta ya yi tun bai dubi launinsa ba. A ganina wannan ilimi ne cikakke, kuma ya kamata malaman kimiyya su riƙa kai ɗalibai maƙera su saurara.

A fadar Sarkin Gobir da ke Tibiri kuwa, kayan kiɗa da na busa kowane da tasa hanyar. Muryar kakaki da ta algaita na ɗan hawa sama da zafi, domin iskar da ke cikinsu ce ke kaɗawa. Ganga ma in an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta muryarta na tashi, sai dai nan bushewa ce ta ɗaure fatar ta ƙara mata tsauri.

A gonakin noman rani na Jiratawa, duk wanda ya samu dogon bututun ƙarfe zai iya gwada wani abu: mutum ɗaya ya buga wannan ƙarshen, wani ya kafa kunne a wancan. In tsawon ya kai, bugu ɗaya sau biyu za a ji shi, na ƙarfe tukuna, na iska daga baya. Haka Jean-Baptiste Biot ya yi a 1808 da bututun ruwan birnin Paris mai tsawon mita 951, ya gano sauti ya fi gudu a ƙarfen da sama da ninki 10.

Dalma ta fi baƙin ƙarfe nauyi, amma a sandarta sauti bai wuce mita 1,200 da 'yan kai a sakan ba. A lu'ulu'u yana haura 12,000. A roba mai laushi kamar 60 ne kacal, bai ko kama ƙafar gudunsa a iska ba.

Akwai masu bijire wa ƙa'ida. Gilashin da aka narka daga tsantsar ma'adinin silika ƙara tauri yake yi in ya ɗumama, sauti ya ƙara gudu a cikinsa. Ruwa kuma gudun na hawa har zuwa wajen digiri 74, daga nan ya soma sauka. Charles Édouard Guillaume, ɗan ƙasar Suwizalan, ya haɗa wani ƙarfe mai suna elinvar wanda zafi da sanyi ba su cika taɓa taurinsa ba, aka yi ta amfani da shi a cikin agogo. Ya karɓi lambar Nobel a 1920.

Maganar ta shafi Maraɗi kai tsaye. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya ratsa jihar, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Kaurin bututu da tsagar da ta ɓuya a cikin dogo, da sautin da kunne ba ya ji ake duba su: na'ura ta aika shi cikin ƙarfen, ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. In an daidaita na'urar a sanyin ɗaki aka ɗora ta kan ƙarfen da ranar bazara ta gasa, sautin zai yi jinkiri, ita kuma ta nuna kaurin da ya fi na gaskiya. Kuskuren ƙarami ne, amma ya karkata wajen da ya fi haɗari, don yana rufe ɗan abin da tsatsa ta ci. Shi ya sa ma'auni na ƙwarai sai ya rubuta zafin ƙarfen a gefen kowane awo da ya ɗauka.