Kafin Ka Kama Haya A Kaduna: Darasi Daga Abakwa

Ranar da takardar canjin wurin aiki ta iso hannun ƙanena a Sakkwato, bai jira gari ya waye ba ya kira ni. An ba shi mako biyu ya kama aiki a Kaduna, a wani ofishi da ke ɓangaren Kawo. Yana da mata da 'ya'ya uku, babbar tana aji huɗu na firamare, ƙaramin kuwa ba a yaye shi ba. "Yaya," in ji shi, "gida kawai nake so, mai ɗaki uku da katanga, wanda kuɗinsa ba zai karya ni ba." Na ce masa ya zo shi kaɗai tukuna, ya sauka a wurina ko da wata guda ne, ya san garin kafin ya ɗauko iyali. Bai saurare ni ba. Cikin kwana huɗu wani dillali ya kai shi wata sabuwar unguwa a bayan gari, ya nuna masa gida sabo fil, da tayil da fenti mai ɗaukar ido, a kan kuɗin da bai kai na cikin gari ba. Ya biya hayar shekara da la'adar dillali nan take. Lokacin hunturu ne, hanya busasshiya, komai gwanin sha'awa.

Da damina ta kankama, hanyar ta zama taɓo, masu Keke Napep suka ƙi shiga sai an ninka musu kuɗi. Makarantar da ta dace da yaran tana da nisa, Islamiyya babu a kusa. Maigida yana fita da sassafe, ba ya dawowa sai bayan Magariba, uwargida kuwa tana wuni a tsakanin kangaye da gidajen da ba a tare ba, babu maƙwabciyar da za ta leƙa. Daren da zazzaɓi ya sa ƙaramin yaron ya fara sanƙarewa, mahaifinsa yana Abuja wajen wani taro. Sai da matar ta goya shi ta taka a cikin duhu har bakin titi kafin ta sami abin hawa. Allah ya kiyaye, yaron ya rayu. Amma tun kafin hayar ta ƙare suka tattara kayansu suka dawo cikin gari, suka kama wani tsohon gida a Abakwa.

Na kawo wannan labari ne domin ba ƙanena kaɗai abin ya taɓa samu ba. Kaduna gari ne da canjin wurin aiki ya haifa. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, aka taso da hedikwatar mulkin Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, sojoji da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa suka biyo baya da iyalansu. Garin ya riƙe matsayin babban birnin Jihar Arewa har zuwa 1967. Masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980, kowannensu ya janyo dubban baƙi. Yau masaƙu sun yi shiru, amma rundunar soja ta ɗaya, da sansanin sojan sama na Mando, da sakatariyar tarayya ta Kawo, da bankuna da manyan makarantu ba su daina karɓar sababbin ma'aikata ba. Tun daga 2016 da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Rigasa da Abuja, an kuma sami wani rukuni na magidanta masu aiki a Abuja da suka zaɓi ajiye iyali a Kaduna saboda tsadar haya a can. Dukkan waɗannan mutane tambaya ɗaya suke fuskanta: a wace unguwa zan ajiye matata da 'ya'yana?

Kafin sabon zuwa ya kai ga wannan tambaya, za a tare shi da wata: wane ɓangare na kogi? Babu amfanin ɓoye gaskiya a nan. Rikicin shari'a na 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011 sun sake zana taswirar garin. Musulmi da dama sun tattaro zuwa arewacin kogin Kaduna, Kirista da dama sun koma kudu, har wasu suka riƙa yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Ƙudus. Magidancin da ya yi la'akari da wannan ba laifi ya yi ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kuskuren shi ne a ɗauka cewa da an amsa wannan tambaya an gama. Ƙanena a cikin masu addininsa ya kama gidan farko, amma hakan bai kawo masa asibiti ko makaranta ko maƙwabci ba. Haka kuma unguwanni irin su Barnawa da Kurmin Mashi sun nuna cewa zaman cakuɗa bai mutu a Kaduna ba.

Abakwa, wadda ake rubutawa Abakpa a takardun hukuma, tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kafaɗa da kafaɗa da Unguwar Shanu, kusa da tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wato NDA, wadda aka kafa a 1964 kafin daga baya a gina mata mazauni na dindindin a Afaka. Sunan ba a Kaduna kaɗai yake ba. Akwai Abakpa a Inugu da Abakaliki da Ogoja, a Kamaru kuma har yau ana yi wa Bamenda kirari da Abakwa, sunan da ya samo asali daga zangon da fataken Hausawa suka kafa a can. Ta Kaduna ta tashi ne a gefen bariki, kuma kamar kowace unguwa da ta girma a inuwar soja, ta saba ganin baƙo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Wannan sabo yana da daraja ga wanda ya zo jiya. A unguwar da ta saba da baƙi, ba a daɗe ana yi wa mutum kallon bare.

Abin da ƙanena ya samu a Abakwa shi ne kusanci. Daga nan zuwa Kawo tafiya ce gajera, musamman bayan da aka sake gina gadar Kawo a ƙarƙashin shirin sabunta birane da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019. Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki ba shi da nisa. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko suna cikin gari, Babban Asibitin Kawo yana arewa, Kwalejin Gwamnati tana Kurmin Mashi. A cikin unguwar kanta akwai kemis da mai shayi da mai kayan miya da makarantar allo, akwai mai unguwa da limami da dattawan da suka san ɗan wane da jikan wane. Yaran suna tafiya Islamiyya da ƙafa, tare da 'ya'yan maƙwabta.

Ba ina cewa Abakwa aljannar duniya ba ce. Tana da matsalolin tsofaffin unguwanni: cunkoson gidaje a wasu sassa, ƙananan lunguna, kwatocin da ke toshewa da leda idan ruwa ya sauka, da hayaniyar da ba ta lafawa da wuri. Gidan da ƙanena ya kama bai kai na farko kyau ba, bai kai shi faɗi ba, kuma kuɗinsa ya ɗara. Akwai iyalin da Malali ko Unguwar Rimi ko Unguwar Dosa za ta fi dacewa da su, akwai wanda aikinsa na matatar mai ne, wanda Sabon Tasha ko Barnawa za ta fi masa sauƙi. Darasin ba a sunan unguwar yake ba, yana cikin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Da farko ƙanena ya auna gida da idon mai fita aiki, wanda kwana kawai yake yi a ciki. A karo na biyu ya auna shi da wunin matarsa da 'ya'yansa, waɗanda su ne mazauna unguwar na haƙiƙa.

Duk wanda zai yi irin wannan awo, ya fara da hanyar makaranta. Ya tsaya a ƙofar gidan da ƙarfe bakwai na safiyar ranar aiki, ya bi hanyar da yaransa za su bi, ya ga ko akwai babban titi da za su tsallaka, ya ƙirga motoci nawa za su hau. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Yara uku, zuwa da dawowa, boko da Islamiyya, ga maigida ga cefane: idan aka tara na shekara, sau da yawa rarar da aka samu a gidan bayan gari ta ƙare tun kafin a kai rabin shekara. Araha, in ji Bahaushe, ba ta ado.

Sannan ya auna dare. Ya koma unguwar bayan sallar Isha'i, ya ga su wa ke zaune a bakin layi, ko akwai haske, ko akwai 'yan sintiri, ko ana samun abin hawa. Ya tambayi kansa: idan naƙuda ta tashi da ƙarfe biyun dare alhali ba na gari, wa zai kai matata asibiti, kuma cikin minti nawa? Ya tambayi masu shaguna game da ƙwacen waya da 'yan sara-suka da matattarar shaye-shaye, domin waɗannan ne za su yi gogayya da tarbiyyar ɗansa idan ya fara tasawa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai ruwa, na sha da na sama. Yawan 'yan ga-ruwa a layi shaida ce cewa famfo ba ya kawowa. Ya tambaya ko rijiyar gidan tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu. Ya dubi gindin katanga, domin ambaliya tana barin zane ko da an shafe shi da fenti. Mazauna Kaduna ba su manta da ambaliyar 2003 ba, kuma wurare irin su ƙarshen Titin Kigo da Rafin Guza da Titin Bashama a Tudun Wada sun sha fama da kogi da rafuka idan suka cika a watan Agusta da Satumba. Gidan da aka gani da rani ba a gan shi ba tukuna. Haka batun wuta: tun daga Afrilun 2024 kuɗin lantarki ya bambanta sosai tsakanin rukunin da aka yi wa alƙawarin awa ashirin a rana da sauran rukunoni, don haka ya san rukunin layin, ya tabbatar akwai mita, kuma ba a bar masa bashin wanda ya tashi ba.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka, shi ne maƙwabci. Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin gida. Dillali la'adarsa yake nema, da ya karɓa kuwa ba za a sake ganinsa ba. Wanda zai faɗi gaskiya shi ne mai haya a gidan da ke kusa, ko limami, ko fasto, ko mai unguwa. Kafin ƙanena ya biya kuɗin gidan Abakwa, ya yi sallar La'asar a masallacin layin, ya tsaya ya gaida wani dattijo. "Baba, baƙo ne ni, ina so in zauna kusa da ku," in ji shi. Dattijon ya zaunar da shi a kan tabarma, ya faɗa masa layin da ruwa ke kwanciya, da gidan da mai shi ke yawan ƙara haya, da makarantar da jikokinsa ke zuwa. Abin da ya ji a rabin awa, bai same shi a kwana huɗun da ya yi yana yawo a motar dillali ba. Matambayi ba ya ɓata. Kuma a wannan karon ya zo da matarsa ta ga gidan kafin ya biya, ta shiga ta gaisa da matan maƙwabta, ta dubi madafa da wurin shanya. Ita ce ta ce a kama.

Akwai kaso na wannan nauyi da ya rataya a wuyan ma'aikatu. Ba daidai ba ne a ba magidanci mako biyu ya tumɓuke iyalinsa a tsakiyar zangon karatu, sannan kuɗin sauyin wurin aiki ya zo bayan watanni. Muhawarar da ta tashi a farkon 2024, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, ta karkata kan siyasar yanki, amma a ƙarƙashinta akwai iyalai da aka raba da makarantu da maƙwabta. Ya kamata a riƙa daidaita canjin wurin aiki da hutun ƙarshen shekarar karatu, a kuma tanadi masaukin wucin gadi. Ita ma gwamnatin jiha, ta hannun hukumominta na KASUPDA da KADGIS, tana da aiki: kada a bar sababbin unguwanni su tsiro babu titi, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta da asibiti, tsofaffi irin su Abakwa da Unguwar Shanu kuma a gyara musu kwatoci da fitilun titi, domin su ne ke ɗauke da ƙananan ma'aikata.

Shekara ta biyu ke nan ƙanena yana Abakwa. Kwanakin baya aka sake tura shi aiki Abuja na mako guda. Da na kira matarsa in ji ko suna bukatar wani abu, sai ta ce, "Yaya, kada ka damu, maƙwabciyarmu ta riga ta kai yara makaranta tare da nata." Ga duk wanda takardar canjin wurin aiki ta iso masa, shawarata ita ce ya zo shi kaɗai tukuna, ya yi haƙuri da ɗakin aro na 'yan makonni, ya ga unguwa da safe, ya gan ta da dare, in da hali ya gan ta da damina, sannan ya aika a ɗauko iyali. Allah ya haɗa mu da maƙwabta nagari.