Tsakar Gida: Abin Da Attajiran Duniya Ke Nema, Namu Suna Rufewa

A bazarar da ta wuce wani aminina ya gayyace ni buɗe sabon gidansa a Ƙauran Namoda. Gida ne na gani na faɗa: falo biyu, tayil tun daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki, tagogin gilashi masu duhu, ga katanga mai tsawo an naɗe kanta da waya. Muna cikin cin abinci aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto kowa ya jiƙe sharkaf da gumi. Da na fito shan iska sai na iske mahaifiyarsa ta shimfiɗa tabarma a rumfar ajiye motoci. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ya kika baro ɗaki mai kyau kika dawo nan?" Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, nan ne kawai ake ganin sama."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin a yau babu abin da masu zanen gidajen alfarma a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa ke alfahari da shi kamar haɗe cikin gida da wajensa. Suna yin bangon gilashi mai zugewa domin falo ya buɗe zuwa lambu, suna gina madafa da wurin cin abinci a sarari, suna barin fili a tsakiyar gini a dasa itace. A birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, tsofaffin gidaje masu fili a tsakiya sun zama masaukan baƙi masu tsada. Wato abin da ake zuba wa maƙudan kuɗi a can, shi ne muke kira tsakar gida tun kaka da kakanni.

Mai karatu ya tuna gidan da ya tashi a ciki, a Zurmi ne ko Shinkafi ko wani ƙauyensu. Daga titi sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi kuma almajirai ke karatu. Daga nan sai farfajiya da shigifa, kana tsakar gida, wadda ita ce zuciyar gidan. A nan ake daka da girki da kitso, a nan ake shan hantsi da hunturu, a nan ake kwana da bazara, a nan kaka ke yi wa jikoki tatsuniya. Ɗaki na barci ne da ajiya da fakewa ruwan sama. Tsarin ya ba iyali sutura daga idon waje ba tare da ya hana su iska da haske ba.

Akwai ilimi a cikin wannan tsari. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane sun riga sun fito waje. Rufin soro na azara da ƙasa yana yin wannan aikin daga sama. Iska mai sanyi ta dare tana sauka a tsakar gida, inuwar dogon yaro ko ceɗiya kuma ta tsare ƙasa daga ƙuna. A yankin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramar dabara ba ce. Amma tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kwano da siminti suka sami hanya, sannu a hankali suka zama alamar arziki, ginin ƙasa kuma ya koma alamar rashi. Yau bulo mara kauri da rufin kwano da filin da aka malale da siminti suna tara zafi da rana su amayar da shi da dare, sai maigida ya zama bawan man janareto.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba wasa ba ce: tsaro. Mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura sun ga abin da ya ishe su daga 'yan bindiga, kuma wanda ke tsoron a ɗauke shi cikin dare ba za a yi masa wa'azin kwana a waje ba. Ga kuma sauro da tsadar fili. Sai dai gidan Bahaushe dama ba ya buɗewa ga titi. Katangarsa rufe take, ƙofarsa ɗaya, buɗewarsa ta ciki ce zuwa sama. Salon Turawa na gilashi mai kallon hanya shi ne bai dace da halinmu ba. Idan ɗakuna suka kewaye fili, su kansu sun zama ganuwa, kuma hakan ya fi gini guda a tsakiya da aka bar wa siririn lungu tsakaninsa da katanga.

Kada a ɗauka ina kira ne a koma jiya. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya ci kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine, kuma sunansa ya fara fitowa ne da makarantar firamare ta tubalin ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando. A Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen zamani a Yamai da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka bar wa kowane gida sararinsa. Tun kafin su, a 1986, masallacin Yaama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya sami kyautar Aga Khan. Waɗannan duk maƙwabtanmu ne, ranarsu irin tamu ce.

Don haka ga shawarata ga mai shirin gini. Ya fara ware tsakar gida kafin ya ƙirga ɗakuna. Ya dasa itace tun ranar da aka haƙa harsashi, kada ya malale filin gaba ɗaya. Ya sa baranda mai faɗi da ragar sauro, ya rage tagogi a gabas da yamma, ya sa su fuskanci juna domin iska ta ratsa. Ya dawo da zaure, ko da da wane suna zai kira shi. Malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da mu sauran masu koyarwa, ya kamata mu tura ɗalibai su auna tsofaffin gidajen da suka rage, su zauna da tsofaffin magina tun suna raye.

Attajiri shi talaka ke kwaikwayo. Idan masu hali suka daraja tsakar gida, sauran jama'a za su daina jin kunyarta. Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani. Aminina dai ya fasa wani ɓangare na simintin filinsa ya dasa mangwaro biyu. Allah Ya ba Inna tsawon rai ta sha inuwarsu, Ya kuma dawo mana da zaman lafiyar da za mu kwana a waje ba fargaba.