Mama Taraba: Lauyar da ta Nemi Kujerar Gwamna

Ɗan rage wutar girkin nan ki matso kusa, yau hirarmu a kan marigayiya Hajiya A'isha Jummai Alhassan ce, wadda aka fi sani da Mama Taraba.

An haife ta a shekarar 1959, ta yi karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. To, mene ne aikin lauya? Shi ne wanda ya karanci dokar ƙasa, yake tsaya wa mutum a gaban alƙali don kada haƙƙinsa ya salwanta. Da wannan ilimi ta zama mace ta farko da ta riƙe Kwamishinar Shari'a a Jihar Taraba, a 2003 kuma ta zama Babbar Magatakardar Babbar Kotun Abuja.

Daga nan sai ta faɗa siyasa. A 2011 ta ci kujerar sanata ta Taraba ta Arewa, ta kayar da tsohon gwamna Jolly Nyame. A 2015 ta nemi gwamna a jam'iyyar APC, aka ce Darius Ishaku na PDP ne ya ci.

Nan fa karatun ya yi rana. Ba ta zauna tana kuka ba, kotu ta nufa. A watan Nuwamba kotun zaɓe ta ba ta gaskiya, ta ce PDP ba ta bi ƙa'ida wajen fitar da ɗan takara ba. Amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta rufe maganar a 2016. Kin ga ƙiris ya rage ta zama zaɓaɓɓiyar gwamna mace ta farko a Nijeriya. Ta riƙe Ministar Harkokin Mata daga 2015 zuwa 2018. Allah ya yi mata rasuwa a Alƙahira a 2021.

Uwargida, ba cewa nake yi ki fito neman ƙuri'a ba. Amma mata nawa aka cinye wa gado, ko aka bar su da 'ya'ya babu ciyarwa, don ba su san ƙofar da za su buga ba? Ran da aka zo maganar cire Ummi daga makaranta, ki lallashi maigida ta ƙarasa. Wata rana ita ce za ta tsaya miki.

Allah ya jiƙan Mama Taraba, ya yi wa 'ya'yanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.